Binciken Baturen da Ya Nemi Ƙanwata

A gidanmu ba a ba da mace sai an yi bincike, budurwa ce ko bazawara. Mahaifinmu ya bar mana tsarin yin sa, abu huɗu ne a jere: asali, sana'a, addini, hali. In na farko bai yi ba, ba a zuwa na biyu. Da wannan tsarin aka aurar da yayyena mata, da shi ni ma na bincika mutum biyu kafin in bar gida, ban taɓa samun matsala ba. Sai a Madina.

A farkon shekarun tamanin ne, ina shekara ta tara da zuwa. Ina aiki a siton gidan kwanan ɗalibai, ni ke ba su katifa da bargo in sun zo, in karɓa in sun gama. Muna zaune a unguwar Jurf, ɗaki biyu da falo, ni da mai ɗakina da ƙanwata. Ita ƙanwar tawa tare da mijinta ta zo ƙasar, direban motar ruwa ne, ya rasu shekara uku kafin wannan magana. Ba su haihu ba. Ta kusa arba'in a lokacin. Duk Alhamis takan yi tuwo da miyar kuka, ɗaliban ƙasarmu su aiko da kwano. Ni ne waliyyinta, domin babu wani namiji na gidanmu a ƙasar sai ni.

Wata rana bayan La'asar wani malami ɗan Jos ya zo mini. Babban karatu yake yi a jami'a, ya iya Turanci sosai, matarsa kuma ƙawar ƙanwata ce. Mutumin kirki ne, sai dai dariya ba ta yi masa wuya.

Ya ce, "Alhaji, na zo da magana, amma ka ajiye fuskar nan tukuna."

Na ce, "Wace fuska?"

"Wadda kake karɓar bargo da ita."

Na ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce akwai mai neman ƙanwata. Bature ne ɗan Ingila, ya kusa sittin, ya musulunta shekara shida, yana koyar da Turanci a wata makaranta a unguwar Aƙiƙ, yana zaune shi kaɗai a unguwar Al-Sih. A gidan Malam ya ci tuwonta, ya tambayi wadda ta yi. Ita ma ta hango shi daga ƙofar kicin, kuma da aka yi mata maganar ba ta ce a'a ba.

Na ce, "Me yake yi a ƙasarsu kafin ya zo?"

Malam ya ɗaga kai yana kallon fanka. Ya ce, "Wannan ka tambaye shi da kanka."

Na sa musu Alhamis mai zuwa. Na sayi sabon littafin rubutu, na ware shafi huɗu, kowanne da kansa.

Dogo ne, siriri, kunnuwansa manya, fuskarsa doguwa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa jiya. Jallabiyarsa ta yi masa gajarta. Ya yi sallama da Larabci mai kyau, ya zauna a kan darduma da ƙyar, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Larabcinsa na gaisuwa da sayayya ne, nawa ma bai fi haka da yawa ba, saboda haka Malam ya zauna tsakaninmu yana fassara.

Na fara da asali. Ya ce mahaifinsa soyayyen kifi da dankali yake sayarwa a wani gari na bakin teku a arewacin ƙasarsu, mahaifiyarsa tana ɗinki. Kakansa ma'aikacin jirgin ruwa ne. Uban kakansa bai sani ba. A gida da sai in tura mutum unguwarsu ya zauna da tsofaffi ya ji. Wa zan tura Ingila? Na rubuta abin da ya faɗa, na ja layi a ƙarƙashi, na rubuta: babu mai shaida. A tsarin mahaifinmu nan ya kamata in tsaya. Amma ba a ce asalin ya ɓaci ba, ba a dai gan shi ba ne. Na juya shafi.

Na ce, "Sana'a."

Ya yi magana gajeriya. Malam ya ce, "Ya ce shekara talatin da ɗaya yana ba mutane dariya."

Na ce, "Na ji. Sana'arsa nake tambaya."

"Ita ce sana'ar, Alhaji."

Na ce to ya faro daga farko, kada ya tsallake komai. Ga yadda ya ba ni, kamar yadda na rubuta. Da farko leburan gidan wasa ne a garinsu, yana ɗaukar kaya. Wata rana aka tura shi ya cire tebur daga dandamali mutane na kallo, ƙafarsa ta harɗe da labule ya faɗi, gidan ya ɗauki dariya. Mai gidan wasan ya ce gobe ma ya faɗi. Na biyu, aka ɗauke shi soja a babban yaƙi, amma bai harbi kowa ba, a bayan babbar mota ake tsayar da shi ya ba sojoji dariya. Na uku, rediyo. Na huɗu, talabijin, duk mako, shi da wani abokinsa gajere mai ƙiba, wanda ya shekara goma sha huɗu yana dukansa da hula a ka.

Na tsayar da Malam. Na ce, "Me ya yi masa?"

Aka tambaya. Baturen ya ce bai yi masa komai ba, amininsa ne, ba shi da kamarsa a duniya.

"Kuma yana dukansa?"

"Duk Asabar."

"Bai taɓa ramawa ba?"

"In ya rama wasan ya lalace."

Na rubuta, ban gane ba. Na biyar, fim. A fim kullum shi ne baran gida mai fasa kwanuka, ko ɗan sandan da ɓarawo ke tsere wa. Na shida, abokin ya rasu, ya ci gaba shi kaɗai shekara uku, sannan ya bari.

Ni na san 'yan kama. Na gan su a kasuwar garinmu suna kwaikwayon malamai, suna karatun tuwo da nama, ana dariya ana jefa musu kwabo. Ba mu raina su, amma gidanmu ba ya ba su mata. Na juya ga Malam na ce da Hausa, "Ashe ɗan kama ka kawo mini."

Malam ya ce, "Ba haka ba ne. Can ba roƙo suke yi ba. Tikiti ake saya a shiga, kamar jirgi. Mutumin nan gida gare shi da lambu, manyan ƙasarsu suna tashi su ba shi hannu."

"Amma faɗuwa yake yi a yi dariya?"

"Haka ne."

"To mene ne bambancin?"

Malam ya ce, "Kujeru." Ya fashe da dariya shi kaɗai. Na bar shafin babu hukunci.

Kafin mu tashi na yi tambayar da ake yi wa kowane mai nema: sau nawa ya taɓa aure? Ya ce na gaske ɗaya, sun rabu tun yana matashi, babu ɗa. A fim kuma tara.

Na ajiye biro. Na ce a tambaye shi, a waɗannan taran an faɗi kalmomin aure? Ya ce an faɗa. A gaban mutane? A gaban mutane da yawa. Ya ce ya karɓa? Ya ce ya karɓa, wani lokaci sau goma a rana ɗaya, in mai ɗaukar hoto bai gamsu ba. Na ce to ina matan? Ya ce kowacce tana gidan mijinta, wasu ma ya manta sunansu.

Malam ya yi mini bayani a matsayinsa na malami: babu waliyyi, babu sadaki, kowa ya san wasa ne, kuma duk kafin ya musulunta. Na yarda da hukuncin. Ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, ga mutum ya iya cewa ya karɓi mace da fuskar gaskiya alhali babu komai a ransa, ya yi sau tara, kuma ya iya har ana biyansa. Ranar da zai faɗa a kan ƙanwata, da me zan gane wannan ta bambanta? Da fuskarsa? Ai ita ce kayan aikinsa.

Na kwana bakwai da wannan tambaya. A wurin aiki na ba wani ɗalibi matashin kai biyu babu katifa, abin da ban taɓa yi ba. Ranar Talata na samu ƙanwata a tsakar gida tana tankaɗen kuka. Na gaya mata duk abin da na ji, a jere. Ba ta daina tankaɗe ba.

Ta ce, "Yaya, duk na sani. Matar Malam ta gaya mini."

"Har da matan tara?"

"Har da su. Ni marigayi mijina, Allah Ya ji ƙansa, asalinsa ka bincika har kakan kakansa. Ka san shekara nawa na yi da shi bai taɓa cewa abincina ya yi daɗi ba?"

Na ce wannan ba ya cikin bincike.

Ta ce, "Ai na sani. Shi ya sa na faɗa maka."

Na ce, "Ke, in wasa yake yi fa?"

Ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Mutum ya bar gida da lambu ya zo ya zauna a ɗaki ɗaya a Al-Sih cikin wannan zafi, ya shekara shida, don ya yi wa bazawara mai tuwo wasa? To lallai ya iya wasa." Mai ɗakina tana daga ɗaki ta yi dariya. Na ce mata ba da ita nake ba.

Mahaifinmu in tela ne ya zo nema, sai ya sa a kawo masa rigar da ya ɗinka ya juya ta ya duba ciki. In maƙeri ne, ya duba fartanyarsa. Na ce ni ma zan ga aikin da idona, wataƙila in na gani zan san yadda fuskarsa take in yana wasa, in iya bambanta ta da ta gaskiya. Na aika wa Malam.

Da suka dawo Alhamis ta biyu Baturen ya nemi a yafe masa, ya ce ya shekara takwas bai yi ba. Na ce ba don nishaɗi nake nema ba, bincike ne. Sai ya ce a ba shi abu huɗu: kujera mai naɗewa, laima, kofin shayi a cike, da wasiƙa a ambulan. Muka aro kujera a maƙwabta. Na lura ƙofar ɗakin mata ba ta rufu sosai ba, na ƙyale.

Zan faɗi abin da ya yi kamar yadda ya faru. Ya tsaya a tsakiyar falo, shayi a hannun dama, laima a hagu, wasiƙa a baki, kujera a naɗe a jingine da ƙafarsa. Yana so ya zauna ya karanta wasiƙar. Ya saƙale laimar a hammata don ya buɗe kujera, laimar ta buɗe. Ya rufe ta da gwiwa, kujerar ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauko kujerar, shayin ya karkata, ya miƙe da sauri don kada ya zube, laimar ta sake buɗewa. Ya kalli laimar kamar ta zage shi. Ya sa wasiƙar a kansa, ya kama kofin da haƙori, ya buɗe kujerar, ta kama masa gefen jallabiya. Malam ya riga ya kwanta a kan darduma yana riƙe da ciki. Daga ɗaki ina jin muryoyi biyu, ɗaya ta ƙanwata, wadda na manta yadda dariyarta take.

Ni kuwa abin da nake gani shi ne dattijo baƙo a gidana yana wahala da tafasasshen shayi kusa da fuskarsa. Kuma gyaran a fili yake. A fara ajiye kofi, sannan laima, sannan a buɗe kujera da hannu biyu, a zauna, a karanta. Na jira ya gane da kansa, bai gane ba. Da na ga ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka kujerar, sai na tashi na karɓi kofin daga hannunsa na ajiye a kan tire. Na karɓi laimar na rufe ta na jingine. Na buɗe masa kujerar na ce, "Tafaddal, zauna."

Malam ya tashi zaune yana share hawaye, ya ce, "Alhaji, me ka yi? Ai wasan ke nan!"

Na ce, "Zai ƙone."

"Shekara talatin bai ƙone ba!"

Baturen yana tsaye hannuwansa babu komai, wasiƙar tana kansa har lokacin. Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka ya ji haushi, kuma da ya ji da ban ga laifinsa ba, domin ni in wani ya shigo sito ya gyara mini aiki a gaban mutane ba zan ji daɗi ba. Sai ya sauke wasiƙar, ya zauna a kujerar, ya ɗauki shayin ya kurɓa. Ya ce da Larabci, "Shukran," wato na gode. Sannan ya yi wa Malam doguwar magana a hankali, Malam ya daina dariya.

Ga abin da ya faɗa. Ya yi wannan wasan a gaban mutanen da ba zai iya ƙirgawa ba, babu wanda ya taɓa tasowa ya karɓi kofin. Ranar da aka binne abokinsa ya tashi zai yi magana a kansa, yana buɗe baki mutane suka yi dariya, ba don mugunta ba, sun saba ne. Ranar da ya tara abokansa ya ce musu ya musulunta, suka tafa, suka zauna suna jiran ƙarshen wasan. Shi ya sa ya nemi garin da ba a san fuskarsa ba.

Tunda ya kawo maganar da kansa, na buɗe shafi na uku, na ce ya gaya mini yadda ya musulunta. Ya ce a fim ɗinsa na ƙarshe aka kai su wata ƙasar Larabawa. Wata rana direban da ke kai shi wurin aiki ya tsayar da mota a hamada, ya nemi izni, ya koma bayan wani dutse. Da ya daɗe sai Baturen ya bi shi ya ga ko lafiya, ya same shi yana salla shi kaɗai. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne babu mai kallo. Shi tun yana saurayi bai taɓa yin wani abu da kyau ba sai in akwai masu kallo.

Na rubuta. Amma da suka tafi na sake karantawa, sai na ga na dawo inda nake. Labarin ya taɓa ni. To ai taɓa mutane ita ce sana'arsa.

Ranar Asabar na nemi izni a wurin aiki na hau mota zuwa Al-Sih, ban gaya wa kowa ba. Na yi Azahar a masallacin unguwarsu, a sahun baya. Yana sahun gaba. Da aka idar ya daɗe a zaune. Na fita na tsaya cikin wata baƙala, wato ƙaramin kanti, ina kallonsa ta gilashi. Ya fito, ya sa takalmi, ya sayi burodi da nono, ya tsaya ya gutsura wa wata kyanwa, ya shiga gida. Bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba, bai kalli ko'ina ba. Na tambayi limamin, wani tsoho ɗan Sudan, ya ce tun da Baturen ya zo unguwar bai san ranar da ya rasa shi a Asuba ba sai in ba shi da lafiya. Na ce yana ba su dariya? Limamin ya ce, "Wannan? Ai mun ɗauka wani babban baƙin ciki ne ya kawo shi."

A mota ina komawa na duba littafin. Asali, babu mai shaida. Sana'a, babu hukunci, har yau ban san ko ɗan kama ne ko ba shi ba ne, kuma ban san abin dariya a cikin dattijo da laima ba. Addini, ya yi. Hali, mutum ne da aka ɓata wa aiki a gaban jama'a ya ce na gode. Biyu na ƙasa sun cika, biyu na sama babu komai, tsarin mahaifinmu kuwa daga sama yake farawa. Ban san abin da zai yi ba da shi ne. Ba na jin ya taɓa tunanin irin wannan zai zo ƙofar gidanmu.

Na kira ƙanwata na ce, "Ban gama ganewa ba. In na jira sai na gane, za ki tsufa a ɗakin nan. Kina so?"

Ta ce, "Ina so, Yaya."

Na ce, "Na ba shi."

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan La'asar a falona. Limamin Al-Sih ne ya ɗaura, Malam da wani maƙwabcina ɗan Maraɗi su ne shaidu, ɗalibai masu cin tuwonta suka cika wurin har bakin ƙofa. Malam bai iya riƙe bakinsa ba, ya riga ya ba su labarin laima. Da aka zo wurin da ango zai amsa, ya gyara zama, ya ɗaga doguwar fuskar nan, ya ce ya karɓa. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, sai na kusa da shi, sai sahu guda.

Na ɗaga hannu na ce wa liman ya dakata. Na juya na ce, "Wanda ya zo kallo, ga ƙofa. Nan ƙanwata ake aurarwa." Babu wanda ya motsa. Na ce a sake daga farko.

Liman ya ce na farkon ya ɗauru. Na ce na sani, ni ne ban ji da kyau ba. Ya sake. Na ce na ba shi ita. Wurin ya yi shiru, ana jin fanka. Baturen ya faɗi kalmar a karo na biyu, muryarsa ƙasa ƙasa. Ban kalli fuskarsa ba, hannuwansa na kalla a kan gwiwarsa, sun damƙe jallabiyarsa. Aka shafa fatiha.

Da mutane suka watse na shiga ɗakin mata na gaya wa ƙanwata an ɗaura. Tana zaune a kan akwatinta da ta riga ta ɗaure.

Ta ce, "Na ji, Yaya, bangon nan ba kauri gare shi ba. Sau biyu ka aurar da ni. Sadakin ma biyu ne?"

Na ce ta tashi in fitar da akwatin, mai mota yana jira.